Kamun Ƙafa a Fadar Zamani: Yadda Manhaja Ta Shiga Dokar Duniya Ta Bar Tatsuniya a Bakin Ƙofa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ta dauri, da wuya a sami sana'ar da ba ta da baki a fada. Maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Fawa, wanzamai suna da Sarkin Aska. Fatake kuwa madugu ke shige masu gaba har zuwa gaban sarakunan ƙasashen da ayari ke ratsawa, ya daidaita abin da za a biya na hanya. Haka abin yake a Kano da Katsina, haka yake a Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun cikin ƙarni na 19. Hikimar tsarin a fili take: sarki ba zai iya sauraron mutum dubu ba, amma yana sauraron mutum ɗaya da dubu suka tsayar.

Wannan dabara ba ta mutu ba. A yau fadar ita ce majalisar dokoki da ofishin minista da teburin shawarwarin ƙasa da ƙasa, masu isar da kuka kuma su ne ƙungiyoyin masu sana'a. Aikin da suke yi, na bin mahukunta don a tsara doka yadda za ta dace da su, shi Bahaushe ke kira kamun ƙafa. Cikin sana'o'in zamani, kaɗan ne suka ƙware a wannan aiki kamar masu sana'ar manhaja.

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar salula domin ta san abin da za ta aikata. Malamin makaranta a Yauri ta ƙasar Matameye da ke lissafa makin ɗalibai a wayarsa, da mai buga takardu a kasuwar Matameye, da ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Barto zuwa Daura yana aika kuɗi ta waya, dukkansu da manhaja suke aiki, kuma kowace manhaja tana tafe da doka a bayanta. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka ƙulla wannan doka, da hanyar da ta biyo ta iso Nijar da Nijeriya, sa'an nan ta kwatanta da abin da ya sami tatsuniya da waƙar baka a fada ɗaya.

Lokacin da manhaja take gyara

Cikin shekarun 1960, manhaja ba ta da farashin kanta. Kamfanin IBM na Amurka, wanda ya mamaye kasuwar kwamfuta, yakan ba da hayar na'ura ya haɗa da manhajarta, kamar yadda mai awo ke ƙara wa mai saye gyara. Ƙananan kamfanoni masu son rayuwa da rubuta manhaja suka ga ba za su iya gasa da kayan gyara ba. Da yawa daga cikinsu suka fake a inuwar ADAPSO, ƙungiyar da aka kafa a 1961, wasu kuma suka kai ƙara kotu. A watan Janairu na 1969 gwamnatin Amurka ta shigar da IBM ƙara bisa zargin kane-kane a kasuwa, a watan Yuni na wannan shekara kamfanin ya sanar da raba kuɗin na'ura da na manhaja. Daga nan manhaja ta zama haja.

Sai dai haja ce mai wata irin ɗabi'a. Wanda ya sayi garma ba zai mayar da ita biyu ba, amma wanda ya sayi manhaja yana iya kwafarta sau ɗari ba tare da ta asalin ta ragu ba. A 1976 Bill Gates, yana saurayi, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa masu sha'awar kwamfuta suna kwafar aikinsa ba su biya. Tambayar da ta taso ita ce: mece ce manhaja a idon shari'a? Ƙira ce irin ta injin, ko rubutu ne irin na littafi, ko kuwa sabon abu ne mai buƙatar dokar kansa?

Hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, OMPI, mai mazauni a Janeba, ta karkata ga hanya ta uku. A 1978 ta fitar da samfurin doka ta musamman mai ba manhaja kariyar kimanin shekara 20. A Amurka kuwa, kwamitin da majalisa ta kafa a 1974 ya ba da shawara a 1978 cewa a ɗauki manhaja tamkar rubutun adabi. Cikin ƴan kwamitin akwai marubuci John Hersey, wanda ya ƙi amincewa. Hujjarsa ita ce littafi da mutum yake magana, manhaja kuwa da na'ura take magana. Ba a bi ra'ayinsa ba, a 1980 majalisa ta gyara doka bisa shawarar masu rinjaye.

Manyan kamfanoni suna da dalilin son wannan hanya. Haƙƙin mallaka irin na littafi yana daɗewa, ba ya tilasta wa mai shi ya bayyana sirrin aikinsa, kuma akwai tsohuwar yarjejeniya ta duniya a kansa, wadda aka ƙulla a birnin Bern tun 1886. Abin da ya rage shi ne a sa sauran ƙasashe su yarda cewa manhaja littafi ce.

Daga majalisa zuwa teburin ciniki

Ba kowace ƙasa ta yarda cikin sauƙi ba. A ƙarshen 1983 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Japan ta tsara dokar da za ta ba manhaja kariyar shekara 15 kacal. Amurka ta matsa lamba, a 1985 Japan ta janye tsarin ta bi hanyar haƙƙin mallaka. Faransa ta sa manhaja cikin dokarta a watan Yuli na 1985, amma da wa'adin shekara 25. Burazil, wadda ta kafa doka a 1984 don raya masana'antarta ta kwamfuta, ta fuskanci bincike daga gwamnatin Reagan a 1985 da barazanar ƙarin haraji kan kayanta a 1987, kafin ƙarshen wannan shekara ta fito da dokar kare manhaja.

A bayan wannan matsin lamba akwai ƙungiyoyi. A 1984 ƙungiyoyin masu buga littattafai da masu fina-finai da masu faifan waƙa da masu kwamfuta na Amurka suka haɗa kai ƙarƙashin wata gamayya mai suna IIPA. A 1985 gamayyar ta miƙa wa gwamnati rahoto kan satar fasaha a ƙasashe goma, Nijeriya na cikinsu. A 1988 manyan kamfanonin manhaja, ciki har da Microsoft, suka kafa tasu ƙungiya, BSA. A wannan shekara majalisar Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa wakilin cinikin ƙasar ya riƙa fitar da jerin ƙasashen da ba su kare haƙƙin fasaha yadda Amurka ke so, kowace shekara. Galibin bayanan da ake tsara jerin da su daga hannun ƙungiyoyin suke fitowa.

Babban aikin kuwa wani ƙaramin kwamiti ne ya yi shi. A 1986 shugabannin kamfanoni goma sha wani abu, bisa jagorancin Edmund Pratt na Pfizer da John Opel na IBM, suka kafa kwamitin da ya sa gaba a shigar da haƙƙin fasaha cikin shawarwarin cinikin duniya da aka buɗe a Uruguwai a watan Satumba na wannan shekara. Suka jawo takwarorinsu na Turai da Japan, a 1988 ɓangarorin uku suka miƙa wa gwamnatocinsu daftari guda. Ƙasashe goma masu tasowa, da Indiya da Burazil a gaba, da Nijeriya da Masar da Tanzaniya a ciki, sun yi tsayin daka cewa wannan batu ba na ciniki ba ne. Amma wanda ke son sayar da auduga da tufafi a kasuwannin Amurka da Turai, ba ya iya tashi daga teburin. A ranar 15 ga Afrilu 1994 aka sa hannu a Marrakesh ta Maroko. Aya ta 10 ta yarjejeniyar, wadda ake kira ADPIC da Faransanci, TRIPS da Ingilishi, ta ce za a kare manhaja a matsayin aikin adabi. Tsakanin ranar da IBM ya sa wa manhaja farashi da ranar da ta zama adabi a dokar duniya, shekara 25 ne.

Mai karatu zai lura da makaman da aka yi aiki da su. Na farko alƙaluma: kowace shekara ƙungiya ta fito da adadin asarar da ta ce ta yi. An sha sukar waɗannan alƙaluma, domin ba duk wanda ya kwafi manhaja ne zai iya sayenta ba da an hana shi, kuma a 2010 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ce auna irin wannan asara abu ne mai matuƙar wuya. Duk da haka, mai riƙe da adadi ya fi mai kuka da baki samun kunne. Na biyu rubutaccen daftari, domin minista ya fi saurin karɓar takardar da aka gama rubutawa. Na uku ƙawance da wasu sana'o'i. Na huɗu naci: ofis na dindindin da ma'aikatan da ba su fashin zama.

Yadda dokar ta iso gida

Nijeriya ta zama mamba a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, OMC, tun ranar kafa ta a farkon 1995, Nijar kuma a watan Disamba na 1996. Yarjejeniyar ta ba ƙasashe mafiya ƙarancin ƙarfi, irin su Nijar, rangwamen lokaci kafin su aiwatar da mafi yawan sharuɗɗanta. An fara sa wa'adin zuwa 2006, aka ɗaga zuwa 2013, aka ƙara zuwa 2021, yanzu yana kan 1 ga Yuli 2034.

Amma Nijar tana cikin wata ƙungiya kuma, OAPI, mai mazauni a Yawunde, wadda ke tafiyar da haƙƙin fasaha na ƙasashe 17, galibinsu renon Faransa. Tushen dokarta shi ne yarjejeniyar Bangi ta 1977. A watan Fabrairu na 1999 aka sake fasalin yarjejeniyar don ta dace da ADPIC, ta fara aiki a 2002. Sabon fasalin ya jera manhaja cikin ayyukan adabi, ya kai wa'adin haƙƙin mallaka shekara 70 bayan rasuwar mai aikin, alhali ADPIC shekara 50 ta nema. Wato ƙasashen da aka yi wa sassauci sun ɗora wa kansu kayan da ya fi wanda aka ce su ɗauka, kuma tun kafin lokaci. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi kashedi a 2000 kan abin da hakan zai jawo wa farashin magani. Binciken da Carolyn Deere ta wallafa a 2009 ya nuna cewa an yi aikin ne tsakanin jami'an ofisoshi da masu ba su shawara daga waje, ba tare da wata muhawara ta a zo a gani a cikin ƙasashen ba. Sai a Bamako, a watan Disamba na 2015, aka sake gyaran da ya sassauta wasu sharuɗɗan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ita ce kujerar da malamai da marubuta da masu ɗakunan karatu suka bari babu kowa.

Fagen kamun ƙafa na biyu shi ne sayayyar gwamnati, musamman ta makarantu, domin yaron da ya koyi kwamfuta da wata manhaja da ita zai girma. Lokacin da ƙasashe irin su Peru suka fara shawarar fifita manhaja mai ƴanci, wadda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa, ƙungiyar CompTIA ta Amurka ta ƙaddamar da wani gangami a 2002 don hana irin waɗannan dokoki. A 2007 rigimar ta iso Nijeriya. An yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 na ɗalibai ɗauke da manhajar kamfanin Mandriva na Faransa, sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, Microsoft ya ce bai saɓa wa doka ba. Abin lura shi ne, muryoyin da duniya ta ji kan abin da ɗalibai za su koya da shi na kamfanoni biyu ne na ƙetare.

Tatsuniya a bakin ƙofa

A daidai shekarun da manhaja ke neman shiga doka, akwai wani mai neman iso da ya riga ta zuwa. Tun taron Istokholm na 1967 ƙasashe masu tasowa suka nemi a kare adabin gargajiya, irin wanda ba a san mutum guda da ya ƙaga shi ba. Abin da suka samu ƴar ƙaramar aya ce a yarjejeniyar Bern, wadda ko sunan adabin gargajiya ba ta ambata ba. A 1976 aka tsara samfurin doka a Tunis, a 1982 OMPI da UNESCO suka fitar da wani samfurin. A 2000 OMPI ta kafa kwamiti na musamman, wanda ya yi zama fiye da arba'in. A watan Mayu na 2024 aka cim ma yarjejeniya kan albarkatun halittu da ilimin gargajiyar da ke tattare da su, amma tatsuniya da waƙa da rawa da zanen ado ba su shiga ciki ba.

Nijar ta yi abin da za ta iya a cikin gida. Dokarta ta 1993 kan haƙƙin mallaka ta ambaci adabin gargajiya tun daga takenta, haka ma ta 2010 da ta gaje ta, kuma akwai hukumar BNDA mai karɓar haƙƙin mawaƙa da marubuta. Sai dai ƙarfin dokar gida a kan iyaka yake tsayawa. Manhajar da aka rubuta jiya a Kalifoniya tana da kariya a Damagaram, amma tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da wasan kara, da salon kiɗan fada irin wanda Ma'azu Ɗan Alalo ya shahara da shi, babu dokar duniya da ta tilasta wa mai cin kasuwa da su a ƙetare ya nemi izini ko ya biya al'ummar da ta raine su.

Gaskiya ne batun yana da wuya. Tatsuniya ta Kano ce, ta Maraɗi ce, ta zangon Kumasi ce, to wa za a biya? Amma manhaja ma ta zo da nata wahalhalun, aka warware su saboda akwai masu zaman jiran a warware. Bambancin yana ga wanda ya tsaya a kan maganar. Manhaja ta sami masu ofis da lauyoyi da alƙaluma da gwamnati mai riƙe da makullin kasuwa. Adabin gargajiya ya sami jawabai a bukukuwa.

Ƙanana ma sun taɓa yin nasara

Kada mai karatu ya ɗauka kuɗi kaɗai ke buɗe ƙofar fada. A Nijeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta fito ne bayan ƙungiyar mawaƙa ta PMAN da masu buga littattafai sun yi ta matsa wa gwamnatin soja lamba, har da jerin gwano a tituna. A Turai, ƙananan masu rubuta manhaja da ƙungiyoyin sa-kai sun yi shekaru suna bin ƴan majalisa ɗaya bayan ɗaya kan daftarin da suke ganin zai danƙa dabarun manhaja a hannun manyan kamfanoni. A ranar 6 ga Yuli 2005 majalisar Turai ta yi watsi da daftarin da ƙuri'a 648, masu goyon baya 14. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta rubuta nata daftari, ta sami Burazil da Ekwado da Faragwai suka gabatar da shi a 2009. A 2013, a Marrakesh ɗin nan dai, aka ƙulla yarjejeniyar da ta halatta mayar da littattafai zuwa rubutun makafi ba sai an nemi izinin mai littafi ba.

Masu manhaja na gida su ma sun koyi darasin. A Nijeriya sun kafa ƙungiyar ISPON a 1999. A 2013 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin da suka umarci ma'aikatun gwamnati su fifita manhajar da aka rubuta a cikin ƙasa, a watan Oktoba na 2022 kuma aka sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, wadda matasan sana'ar suka sa hannu wajen rubuta daftarinta. Dukkan waɗannan da makamai huɗun nan suka yi aiki.

Kammalawa

Kamun ƙafa ba laifi ba ne a kan kansa. Mai rubuta manhaja ya yi gumi, ya cancanci ladan aikinsa kamar maƙeri da marubuci. Illar tana zuwa ne lokacin da ɓangare ɗaya kaɗai ya halarci zaman, aka yanke hukuncin da zai hau kan kowa.

Zama biyu suna gaban masu harshen Hausa a yanzu. Na farko, kundin da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Duk ranar da za a sayo kwamfutoci da manhajoji don makarantu da ofisoshi, wani zai rubuta sharuɗɗan saye. Ko sharuɗɗan za su wajabta allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ko za su ba malami izinin kwafa da fassarawa da gyarawa, ya danganta ga wanda ya kai takardarsa kan lokaci. Na biyu, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna koyon harsuna daga rubuce-rubuce da muryoyin jama'a. Ƙungiyar BSA, wadda ta yi suna wajen yaƙi da kwafa, tana cikin masu kira ga gwamnatoci su bar wa na'ura damar koyo daga rubutun mutane. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Hausa na da buƙatar shiga waɗannan na'urori, masu ita kuma suna da haƙƙin a ji ta bakinsu kan sharuɗɗan shigar.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙungiyar malamai ko ta al'adu ba, ko da a ƙaramar hukuma irin Yauri take. Ta ƙirga makarantu nawa ke da kwamfuta, da wace manhaja, kuma nawa ke iya rubuta Hausa daidai. Ta rubuta sunayen mawaƙa da masu tatsuniya na yankinta da ayyukansu, ta taimaka wa masu rai su yi rajista a hukumar da ta dace. Ta mayar da buƙatunta gajeren daftari na shafi biyu, da Hausa da Faransanci. Ta nemi takwarorinta na Damagaram da Maraɗi da Daura da Kano, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga nan ta zaɓi mutum guda mai haƙuri, wanda zai kai takardar, ya karɓi shaidar an amsa, ya koma bayan wata uku ya tambayi inda aka kwana.